Tauraron Inna Barira

Kowace safiya, idan Inna Barira ta idar da lazimi ta naɗe tabarmar salla, ba koko take fara nema ba, ɗanta take nema. Takan zauna a kan kujerar tsugunno a bakin madafa, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya wajen ɗakin da ke kusa da zaure.

"Ɗanaudu, mi tauraron yac ce yau?"

Sunansa na yanka Sharfuddeen, amma shi ne ɗan farinta, don haka bakinta bai taɓa furta sunan ba, laƙabin da ya taso da shi tun yana goye take kira. Yakan fito da waya a hannu, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya duƙar da kai kan gilashin wayar ya faɗa mata abin da ranar ta ƙunsa. Idan ya gama sai ta ce alhamdu lillahi, ta hura wuta. Shi kuwa ya koma ɗaki da wani nauyi a ƙirji, wanda ya daɗe tare da shi har ya daina tambayar kansa daga ina ya zo.

Ba don ita aka fara abin ba. Ciwonsa ne shi kaɗai. Ya dawo Bagudo da digiri a fannin labarin ƙasa, ya gama bautar ƙasa, ya nemi aiki har ya gaji da ganin ƙofofin ofisoshi, daga ƙarshe ya samu koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke bayan tasha. A cikin wannan jiran ne mahaifinsa, Malam Badamasi, ya rasu. A cikinsa ne kuma Munira, wadda suka yi alkawari tun yana jami'a, ta gaya masa cikin ladabi cewa ta gaji. Ba wanda ya tilasta ta. Da bakinta ta zaɓi Maliki, wani mai jirgin inji a Lolo, aka ɗaura, aka kai ta. Tun daga lokacin zuciyar Sharfuddeen ta daina zama wuri ɗaya. Wata rana ya tashi da ƙarfi, ya cika allo da zanen koguna har ɗalibai su yi ta mamaki. Wata rana kuma allin ma nauyi yake yi masa, ya zauna yana kallon taga har a kaɗa ƙararrawa.

Intanet ta zama mafakarsa. Da la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gida, inda sabis ya fi ƙarfi, ya yi ta yawo daga wannan shafi zuwa wancan. A irin wannan yawon ne ya faɗa wani shafi mai baƙin bango da ɗige-ɗigen taurari, aka ce ya saka ranar haihuwarsa. Ya san ranar da ke jikin takardunsa ba tasa ba ce. Hedimastan firamare ne ya sa shi ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne, ya dube shi sama da ƙasa, ya zaɓa masa rana. Duk da haka ya saka ta. Aka nuna masa hoton kunama, aka ce shi ne burujinsa, aka rubuta a ƙasa cewa yana ɗauke da kayan da ba nasa ba, lokacin saukewa ya kusa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ji idanunsa sun yi zafi.

Ba jahilci ya kai shi ba, wannan ne ya fi ci masa rai. Shi da yake koya wa yara nisan da ke tsakanin duniya da taurari, ya san babu ruwansu da Munira ko da albashinsa. Ya kuma san abin da liman ke faɗa a huɗuba game da sallar wanda ya je wa mai duba ya gaskata shi. Amma a duk faɗin garin, wannan shafin ne kaɗai ke yi masa magana kowace safiya kamar ya san da zamansa. Sai ya riƙa karantawa yana istigfari, gobe ya sake.

Inna ta shigo ciki ta wata hanyar daban. Bayan ta fita takaba, bakinta ya mutu. Matar da a da muryarta ke kaiwa gida na uku idan tana cinikin kifin banda, sai ta koma tana wuni ba ta ce uffan ba. Don ya janyo ta hira, Sharfuddeen ya fara kawo mata abubuwan da yake tsinta. Ya nuna mata wata ƙasa inda rana ke yin watanni ba ta faɗi ba.

"To su yaushe suka shan ruwa in azumi ya zo?" in ji ta.

Ya nuna mata wasu mata a wata uwa duniya suna banda kifi a cikin ganga mai hawa-hawa. Ta ƙura ido, ta ce wutarsu ta yi yawa, cikin kifin ba zai bushe ba. Abin da ya fi kama ta shi ne ranar da ya nuna mata Bagudo daga sama. Ga kwanon ɗakinta, ga darbejiyar tsakar gida kamar ɗigon tawada. Ya ja yatsa ya bi titi, ya haye gadar Tuga, ya wuce Illo, ya wuce Lolo, ya tsallaka cikin ƙasar Benin, ya tsaya a kan wasu 'yan rufin kwano a bakin kogin Kwara.

"Tungar Ango ke nan, Inna. Nan Riskuwa take."

Riskuwa ƙanwarsa ce, autar Inna, wadda ke auren wani masunci ɗan ƙabilar Dendi mai suna Ma'azu. Inna ta ɗora yatsa a kan rufin kwanon a hankali, kamar tana tsoron ta tashe ta daga barci.

"Ina iyakar da aka hwaɗi? Ni ban ga komi ba sai ruwa."

Sai kuma ranar shinkafa. Ta shanya shinkafarta a tsakar gida, sama tas babu ko ɗigon girgije, ya duba hasashen yanayi ya ce ta kwashe, ruwa na tafe kafin la'asar. Maƙwabta suka yi dariya. Ta kwashe don kada ta kunyata shi. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, shanyar kowa ta jiƙe ban da tata. Daga ranar nan, abin da wayar Ɗanaudu ta faɗa ya zauna.

Saboda haka da ta zo ta bayansa wata safiya da kofin koko, ta ga kunama a tsakiyar taurari, ta tambaye shi mene ne, amsar ta riga ta kwanta a bakinsa.

"Irin hasashen nan na, Inna, kamar na ruwan sama. Masana ka lissahin tahiyar taurari."

Ta ja baya kaɗan. "Ba duba ba na?"

Ya san nauyin tambayar. A ƙuruciyarta, bayan ta binne 'ya'ya biyu a jere, Inna ta sha zuwa wurin wani mai bugun ƙasa a bayan gari. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Malam Badamasi ya zaunar da ita ya yi mata nasiha, ta kwance layun da ke ƙugunta da hannunta, ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta ba za ta ƙara ba. Ba ta ƙara ba kuwa, ko lokacin da Malam ke kwance mata na ba ta shawara a ɓoye. Da wannan take alfahari fiye da komai nata.

"A'a, Inna," in ji shi. "Ilmi na."

Ta shiga ɗaki ta fito da katin zaɓenta a ƙulle cikin leda. Ranar haihuwar da ke jiki ita ce ɗaya ga Janairu, irin wadda aka rubuta wa duk sa'o'inta na unguwar. Ya saka. Hoton ɗan akuya ya fito.

"Ni Barira, akuya?" Ta riƙe haɓa. "Duk dabbobin Allah a rasa wadda za a ba ni sai mai cin shanyar mutane?"

Sai ta fashe da dariya, har da hawaye, har tana dafa bango. Rabonsa da jin wannan dariyar tun Malam na da rai. Dariyar ce ta ɗaure shi. Washegari ta tambaya, ya karanta mata. Da farko yana fassara abin da aka rubuta, yana tsallake maganar soyayya da ta shan giya da abokai. Daga baya ya ga wahalar ba ta da amfani, ya koma kallon gilashin kawai yana faɗin abin da ya san zai yi mata daɗi: yau ciniki zai yi albarka, yau wani na nesa yana tunaninki, yau a rage gishiri. Ta koma kasuwa. Muryarta ta dawo. Yakan ce wa kansa magani ne yake ba ta, ya kuma san ba haka sunan abin yake ba.

Da damina ta kankama, cikin Riskuwa na fari ya tsufa, lokacin goyon ciki ya yi, wato ta dawo gaban uwarta ta haihu. A al'adar gidan su Ma'azu ba a aiko da mace haka kawai. Sai uwarta ta taka da ƙafarta, da goro a hannu da namiji daga gidansu, ta roƙi a ba ta aron 'yarta. Inna ta sayi goro, ta sa an shafe ɗakin da Riskuwa za ta zauna, ta fara tara itacen wankan jego a bayan madafa. Namijin da zai raka ta kuwa babu wani sai Sharfuddeen.

Da rani babur na kaiwa har Tungar Ango. Da damina fadama ke shanye hanyar, sai an shiga jirgi daga Lolo. Jirgin da ke zuwa can kuma guda ɗaya ne, na Maliki.

Ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Yana ganin kansa zaune a kan katakon jirgin mijin Munira, da wandon koyarwa da tsohon takalmi, mutanen bakin ruwa suna nuna shi da baki. A safiyar da Inna ta sa za su tashi, ya buɗe nasa burujin tun kafin ya fito. An rubuta wa kunama cewa ta guji taɓa tsohon rauni a wannan makon. Ya ji kamar an ba shi izini.

Ya same ta ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ƙullin goro a gefenta.

"Mi yac ce? Hanya lahiya?"

Ya dubi wayar. Abin da aka rubuta wa ɗan akuya maganar sayen sababbin tufafi ce.

"Ya ce a yi hattara da ruwa, Inna. Mai wanga tauraro kada shi hau ruwa sai wata ya mutu."

Ta kalli goron. Sannan ta kwance mayafinta ta ninke.

A cikin makon nan rediyo ya ba da labarin wani jirgin 'yan kasuwa da ya kife can ƙasan gulbi, nesa da su ƙwarai, mutane suka salwanta. Inna ta saki muciya, ta zo ta kama kansa da hannu biyu tana sa masa albarka. Bai iya haɗiye tuwon ranar ba. Ya yi niyyar da wata ya mutu zai buɗe mata hanya. Amma da sabon wata ya tsaya, ranar ta zo masa cikin irin ranakun nan da ko tashi daga katifa aiki ne, ta tambaye shi ta bakin ƙofa ko an sake, ya ce tukuna. Kalma ɗaya ce, bai ma buɗe wayar ba. Aka jiƙa buhun algarara aka sake lulluɓe goro. Gulbi kuwa ya ci gaba da cika.

Wata safiya yana shirin tafiya makaranta, wayar ta yi ƙara. Ma'azu ne, muryarsa na yankewa saboda iska.

"Yaya, Riskuwa ba ta jin daɗi. Ƙahwahunta sun kumbura, kai na sara mata, ta ce duhu-duhu taka gani. Inna taka kira tun jiya. Don Allah ku taho."

Inna ta ji komai, don a gabanta ya amsa. Nan da nan ta shiga haɗa kaya: zannuwa, kanwa, yajin jego, goron da ya fara yamushewa. Ta ƙulle, ta jawo ƙullin har tsakar gida. Sai kuma ta zauna a kansa, ta ɗago ido.

"Duba man."

"Inna, mu tahi kawai."

"Duba man, Ɗanaudu."

Ya ajiye jakar littattafansa. Ya durƙusa a gabanta, ya kifa wayar a ƙasa. Ya faɗa mata, bai rage komai ba. Ya ce babu tauraron da ya hana ta hawa ruwa, shi ya ƙirƙira, don ba ya son shiga jirgin Maliki. Ya ce ranar da ke katinta ba tata ba ce, duk abin da yake gaya mata da safe daga kansa yake fitowa. Ya ce abin ba ɗan'uwan hasashen ruwan sama ba ne, duba ne, irin wanda Malam ya raba ta da shi, sai dai wannan a cikin waya yake.

Ta ɗago ta dube shi. Ya jira mari, ko kuka, ko ta tashi ta bar masa wurin. Sai ya ga fuskarta ta yi laushi.

"Allah shi yi ma albarka," in ji ta. "Na san don 'yar'uwarka kaka hwaɗin haka."

"Wallahi, Inna..."

"Kul! Kada ka rantse bisa ƙarya don ka tausaya man. Ruwan da kac ce, bai zo ba? Jirgin da yak kihe, kai ka kihe shi?"

"Wancan daban na, wanga daban."

"Ni ba mutuwata nika tsoro ba. In mun tahi, ba da ita za mu dawo ba? Bisa ruwan nan, da cikinta? In ɗauko ɗiyata da hannuna in kai ta ga halaka?" Ta gyara zama a kan ƙullin. Muryarta ta yi ƙasa. "Kuma in duba na, ina sallolina na duk wanga lokaci? Ina alkawalin da niy yi gaban Malam? Kai ɗan Malam na. Ba ka yi man haka. Ko duniya ta taru ta ce ka yi, ba ni yarda."

Nan ne ya gane inda ya kai ta. Idan ta gaskata shi yanzu, sai ta yarda cewa ɗanta ya zauna a gabanta safiya bayan safiya yana ɓata mata abin da ta fi tsarewa a rayuwarta. Tsoron ruwa ya fi mata sauƙi. Ya sake buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, ta jawo carbi ta fara ja, hawaye na bin kuncinta. Rana na ɗagawa. Can a ƙetare Riskuwa na ganin duhu.

Ya ɗauki wayar ya fita zaure. Ya tsaya yana kallon buzun sallar mahaifinsa da ke rataye a ƙusa, inda ba wanda ya taɓa shi tun ranar jana'iza. Bai roƙi komai ba, don bai ga da wane baki zai roƙa ba. Da ya ga ya daɗe gwargwadon yadda za ta yarda, sai ya koma ciki da sauri, yana riƙe da wayar a gabansa.

"Inna, sun sake! Yanzu anka sabunta. Ya ce hanya ta buɗe ga mai ɗan akuya, ruwa ya kwanta mai, wani nashi na jiran shi."

Ta miƙe tsaye kamar yarinya. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗora ƙullin a ka.

"Ka gani? Da ka sa mun yi gaggawa. Tada babur."

Suka haye gadar Tuga, ruwa ja wur a ƙarƙashinsu, ya shanye gonakin gefe har sai kan dawa ake gani. Suka wuce Illo ba su tsaya ba. A bakin ruwan Lolo ana loda buhuna a jirgi, wani ƙaƙƙarfan mutum mai hular saƙa yana tsaye a kan baki yana ba da umarni. Da ya hango su sai ya diro cikin ruwa har gwiwa.

"A'a! Malamin makaranta da kanai! Yau wace rana? Inna, sannu da hanya, kawo kayan, shigo tsakiya inda ba ruwa." Ya riƙe hannun Inna har ta zauna, sannan ya juyo da fara'a. "Malam, ina da ƙara wurinka. An ce kai ka koya ma maiɗakina lissahi. To ko canjin kihi ba ta iyawa, kullum sai an cuce ta. Sai ka zo ka gyara aikinka."

Mutanen jirgi suka yi dariya, Sharfuddeen ma ya yi. Shi ke nan. Abin da ya yi makonni yana gudu bai kai tsawon shan ruwa a moɗa ba, kuma ko zafi bai yi masa ba. Maliki ya ja igiyar inji, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar.

"Ma'azu duk ranar kasuwa sai ya zo nan shi tsaya shina leƙen hanya. Da watan jiya kunka zo, Inna, ruwa kwance shike kamar tabarma. Yanzu kam sai a riƙe da kyau."

"Komi da lokacinai," in ji Inna, ta kalli ɗanta ta yi murmushi. Shi kuwa ya kalli ruwa.

A Tungar Ango ba su sami Riskuwa ba. Uwar Ma'azu ce kaɗai a gidan, tana zaune a gindin murhun banda. Ta karɓi goron ba ta kwance ba, ta ajiye a gefe.

"Mun ɗauka kun yahe muna ita," in ji ta da Hausarta mai karin Dendi.

Ta ce bayan an yi waya jijjiga ta kama yarinyar, aka ɗauke ta zuwa asibitin babban gari. Aka samo musu babura biyu, suka bi wata hanya mai laka ta cikin gonakin shinkafa.

Sun tarar an riga an raba ta da cikin, tun bai isa ba. Riskuwa na kwance, an sa mata ƙarin ruwa, fuskarta a kumbure har idanun sun shige. A gefenta an naɗe wata 'yar mitsitsiyar jaririya cikin auduga da zane, tana numfashi da sauri kamar ɗan tsako. Malamar asibitin ta yi magana da Faransanci, ranta a ɓace, Ma'azu ya fassara yana sunkuyar da kai: jininta ne ya hau, ya daɗe yana hawa, da ana auna ta da tuni an gani an tare shi. Sharfuddeen ya tuna asibitin Bagudo, wanda daga ƙofar gidansu ana hango rufinsa, da ɗakin da aka shafe yana jiranta tun watan jiya.

Riskuwa ta buɗe ido da ƙyar. "Inna. Yaya. Kun daɗe."

Inna ta zauna a bakin gadon, ta ɗora tafin hannu a goshinta, ta fara ba ta labari. Ta gaya mata yadda aka hana su hawa ruwa, da jirgin da ya kife a makon, da yadda aka buɗe musu hanya yau da safe daidai lokacin da ake bukata. Ta faɗa da ƙarfi, don matan sauran gadajen su ji irin ɗan da Allah ya ba ta. Sharfuddeen na tsaye a ƙarshen gadon, hannunsa riƙe da ƙarfen, yana jin sanyinsa har cikin ƙashi.

Riskuwa ta juyo da kai wajensa a hankali.

"Ashe kai ka tsare mu, Yaya. Ni ina nan ina jin haushinka, na ce ko ka manta da ni. Ka yahe man."

Ya buɗe baki. Ya dubi Inna, ya dubi robar ruwan da ke ɗiga, ya dubi ƙirjin jaririyar da ke hawa yana sauka. Ya ce, "Ba komi. Allah shi ba ki lahiya."

Ba a yi maganar komawa Bagudo da mai jego ba, don babu mai ɗora wannan jaririyar a jirgi. Inna ce za ta zauna a gidan surukai ta yi wa 'yarta wanka da itacen aro, a ƙarƙashin idon matar da ba ta kwance goronta ba. Washegari da hantsi, da ya zo sallama, Inna ta raka shi har bakin barandar asibitin. Ta waiga, ta rage murya, fuskarta cike da jin daɗi.

"Ɗanaudu, wagga kam an san ranarta. Ba irin tamu ta kati ba. Malamar ta hwaɗa ma Ma'azu har da ƙarhen da anka hiddo ta. Duba muna nata, mu ji ko za ta tsaya."

"Babu sabis ɗinmu a nan, Inna."

Gaskiya ce, kuma tun da aka fara maganar taurari, ita ce gaskiya ta farko da ya faɗa game da wayar Inna ta karɓa ba musu.

"To in ka ƙetare ka duba, ka kira ta wayar Ma'azu. Ina nan zaune ina jira. Da nawa ma, kada ka manta, kullum da sahe."

Daga Tungar Ango jirgin Maliki ya taso da shi da wasu mata masu kwandunan kifi. Ya zauna can gaba shi kaɗai, iska na dukan fuskarsa. Ya yi ta neman wata magana ta gaskiya da zai iya gaya mata wadda za ta ɗauka, ya juya nan ya juya can, bai samu ba. Idan ya ƙi kira, za ta ce abin da ya gani ne ya yi muni har ya kasa faɗa, ta kwana tana kallon ƙirjin jaririya. Da suka kai tsakiyar gulbi, inda babu wata alama a kan ruwa, wayar ta fara rawa a aljihunsa, saƙonnin da suka taru suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, wayarka na kuka," in ji Maliki daga baya.

"Na jiya."

Bai ciro ta ba. Ba ya bukatar ya ciro ta. Kafin jirgin ya taɓa gaɓar Lolo, ya tarar har ya gama shirya abin da zai ce mata: yarinyar mai tsawon rai ce, mai taurin kai kamar kakarta, kuma a riƙa kai uwarta awo duk ranar da malamar asibiti ta ce.